Yadda Ake Zaɓar Sana'ar da Za Ta Riƙe Mai Fatsar Ƙwaro

Fatsar ƙwaro hanya ce ta kamun kifi wadda ba a sa tana a ƙugiya. Ana ɗaure ƙugiyar ne da gashin zakara da zare da ɗan gashin dabba har ta yi kama da ƙwaron da ke sauka a kan ruwa, sannan a wulla ta da doguwar sanda mai lanƙwasa da igiya mai nauyi. Dabarar ta daɗe, domin wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Masedoniya ke yin ta da jan ulu da gashin zakara tun wajen shekara ta 200 Miladiyya. A yau ta fi ƙarfi a Ingila da Sikotilan da Amurka da Niyu Zilan da yankin Patagoniya na Ajantina da Chile, kuma kifayen da aka fi nema da ita su ne tirawut da salmon.

Bambancin ma'abocinta da masunci yana ga hanyar da kuɗi ke bi. Masunci ya shiga ruwa ya fito da abin kaiwa kasuwa. Mai fatsar ƙwaro kuwa, in Allah ya ba shi kifi, yawanci sai ya zare masa ƙugiya a hankali, ya ɗauke shi hoto, ya mayar da shi ruwa, ya biya ta kanti ya yi cefane. Tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya, dole ne a samu wata sana'a da za ta ɗauki nauyin wannan ƙauna.

Ma'auni biyu

Abu na farko da fatsar ƙwaro ke ci shi ne kuɗi. Sandar ɗan koyo takan kama daga dala 100 zuwa 200, ta ƙwararru kuwa tana kaiwa dala 1,000. Sandunan lamba-lamba ne: lamba 3 ta ƙaramin rafi ce, lamba 5 ta tirawut a kogi, lamba 8 ta manyan kifaye, don haka da wuya a ga wanda ya tsaya a guda ɗaya. Ga kwarkwaron naɗe igiya, ga wandon roba mai kaiwa ƙirji, ga takalmi, ga lasisi. Ƙwaro ɗaya dala 2 ne ko 3, kuma kullum reshen bishiyar da ke bayan mai jifa sai ya karɓi kasonsa.

Abu na biyu shi ne lokaci. Kifi ya fi tasowa sama idan ƙwarin ruwa suka ƙyanƙyashe, su kuwa suna da nasu jadawalin. A kogin Test na kudancin Ingila babban ƙwaron yakan fito daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni. A kogin Madison na jihar Montana sai ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Ƙwari ba su san Asabar da Lahadi ba, ba su kuma jiran a sa hannu a takardar hutu. Saboda haka kowace sana'a ana auna ta da tambaya biyu: nawa take kawowa, kuma kwana nawa take bari a tsaya cikin ruwa.

Manyan ayyukan ofis

Lauya da likita da ma'aikacin banki suna da kuɗin sanda, sai dai sandar takan fi sanin bayan ƙofa fiye da bakin kogi. Maganin wannan shi ne tsari, kuma akwai magabatan da za a yi koyi da su. G. E. M. Skues lauya ne a Landan, amma daga 1883 zuwa 1938 bai rabu da kogin Itchen kusa da Winchester ba, yana zuwa a ƙarshen mako, kuma a can ya gano dabarar nitsar da ƙwaro ƙarƙashin ruwa wadda ta sa sunansa ya shahara. Edward Grey, wanda ya riƙe muƙamin Ministan Harkokin Wajen Birtaniya daga 1905 zuwa 1916, yana da ɗan gida a bakin wannan kogin, kuma an san shi da kama jirgin ƙasa na sassafe daga tashar Waterloo ranar Asabar. Shawara ga mai irin wannan aiki ita ce ya ɗaure kayansa tun daren Alhamis, ya haddace lokutan tashin jirgi, ya kuma guji duk taron da aka sa da yammacin Juma'a a watan Mayu.

Koyarwa

Albashin malami bai kai na lauya ba, amma dogon hutun makarantun Amurka yana faɗowa daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da kogunan duwatsun yamma ke kan ganiyarsu. Norman Maclean ya yi shekaru da dama yana koyar da adabin Turanci a Jami'ar Chikago, kowace bazara kuma sai ya koma ɗakin katakon gidansu a Seeley Lake ta Montana. Bayan ya yi ritaya ya fitar da littafinsa A River Runs Through It a 1976, wanda Robert Redford ya mayar fim a 1992, fim ɗin kuma ya tura ɗimbin sababbin masu fatsa bakin koguna. Malamin da ya bi wannan hanya zai wadatu da sanda ɗaya da tanti da tsohuwar mota. Abin da zai kiyaye kawai shi ne karɓar darasin hutu, domin shi ke cinye ribar sana'ar baki ɗaya.

Aikin karɓa-karɓa

Nan ne aka fi samun daidaito. Ma'aikatan jinya da yawa a asibitocin Amurka suna yin awa 12 sau uku a mako, sauran kwana huɗu nasu ne. 'Yan kwana-kwana a garuruwa da dama suna yin awa 24 a bakin aiki su huta awa 48. Ma'aikatan rijiyoyin mai na arewacin Alaska sukan yi mako biyu suna aiki, mako biyu suna gida. Babbar garabasar waɗannan ita ce ranar Talata, lokacin da lauyoyi ke kotu, malamai ke aji, kogi kuma ya zama na mutum ɗaya. Sharaɗin shi ne a yi barci kafin a shiga ruwa, domin dutsen ƙasan kogi yana da santsi, wanda ya kwana bai runtsa ba kuwa da wuri yake yin wankan da bai shirya ba.

Cin abinci daga kogin kansa

Duk wanda ƙaunar ta yi wa yawa, wata rana sai ya yi tunanin zama jagoran masu fatsa. A Montana kuɗin jagora da kwalekwale na yini ɗaya ya haura dala 500, ban da tukuici. Kafin ya ajiye aikinsa ya kamata ya san cewa jagora ba ya jifa. Shi ne mai tuƙi, shi ne mai ɗaura ƙwaro, shi ne mai warware igiyar da baƙo ya cukurkuɗa, shi ne mai shimfiɗa abincin rana, kuma da bakinsa zai yaba wa wanda ya kama kifin da shi ya hango. Kakar ba ta wuce wata huɗu ko biyar ba. In sanyi ya shigo wasu su koma koyar da zamiya a kan ƙanƙara, wasu su bi rana zuwa Patagoniya, inda bazara ke kamawa a Nuwamba. Sana'ar ta iso har kogin Faro na arewacin Kamaru, inda baƙi ke zuwa da rani neman giwan ruwa da tsage da irin wannan fatsa.

Aikin kantin kayan fatsa yana zuwa da ragi mai kyau a kan kaya. Kamfanin Orvis tun 1856 yake wannan ciniki a Vermont, Hardy kuma tun 1872 a Alnwick ta arewacin Ingila. Ma'aikacin kanti ya roƙi a riƙa biyansa bayan an rufe ƙofa, in ba haka ba albashin a nan zai kwana.

Ɗaurin ƙwaro ma sana'a ce. Megan Boyd ta yi shekaru masu yawa tana ɗaura ƙwarin salmon a wani ɗan gida kusa da Brora a Sikotilan, Yarima Charles na wancan lokaci yana cikin masu saye a wurinta, an kuma ba ta lambar girmamawa ta Birtaniya a 1971. Ita kanta ba ta taɓa yin fatsa ba. A yau ɗimbin ƙwarin da ke kantuna ana ɗaura su ne dozin-dozin a Kenya da Tailan da Siri Lanka, don haka gasar tana da zafi. Wanda ya ce zai ɗaura nasa domin ya rage kashe kuɗi ya fara tambayar farashin gashin zakarun da ake kiwo musamman don wannan aiki, waɗanda suka fi zakaran miya tsada nesa ba kusa ba.

Alƙalami

John Voelker alƙali ne a Kotun Ƙolin jihar Michigan. Da littafinsa Anatomy of a Murder na 1958 ya samu kasuwa, sai ya sauka daga kujera ya koma rubutu da fatsa. John Gierach na Colorado ya bi ta ɗaya gefen: ya zaɓi rayuwar hannu baka hannu ƙwarya, yana ƙananan ayyuka domin ya samu kwanakin kogi, har littafinsa Trout Bum na 1986 ya ba masu irin wannan rayuwa suna. Marubuci yana da hujjar da babu mai ita, domin in an gan shi cikin ruwa ranar aiki, bincike yake yi. Sai dai a kammala littafin kafin a miƙa takardar murabus.

Dukiya da ritaya

Frederic Halford ya bar kasuwancin gidansu a 1889 yana da shekara 45, ya ba kogin Test sauran rayuwarsa. Ted Turner, wanda ya kafa tashar CNN, ya sayi manyan gandaye a Montana da rafuffukansu a ciki. Gado ma hanya ce, amma tana da rami. Charles Cotton, wanda ya rubuta sashen fatsar ƙwaro da aka ƙara a littafin Izaak Walton a 1676, ya gaji gida a bakin kogin Dove, ya gina ɗakin fatsa na dutse, daga baya bashi ya sa aka sayar da gidan. Mai jiran ritaya kuma ya tuna cewa ƙwaro ƙanƙane ne, idon ƙugiya ya fi shi ƙanƙanta, gwiwa kuma ba ta jira. Gara a fara tun ido na gani.

Wurin zama

Albashi ɗaya ba ya sayen kwanaki iri ɗaya a ko'ina. A kudancin Ingila haƙƙin fatsa a yawancin kogunan tirawut na masu filaye ne da ƙungiyoyi, kamar ƙungiyar Houghton da aka kafa a 1822 a kan kogin Test, kuma baƙo sai ya biya kuɗin yini mai tsoka. A Montana kuwa dokar 1985 ta ba kowa damar shiga kogi muddin bai wuce iyakar da ruwa ke kaiwa idan ya cika ba. Kafinta mai lasisi a can ya fi attajirin Landan yawan jiƙa takalmi. Masu aiki daga gida ta intanet sun gane haka, shi ya sa hayar gida a garuruwa irin su Bozeman ta yi tashin gwauron zabo.

Lissafin gida

Ko wace sana'a aka zaɓa, mutanen gida ne ke sa hannu na ƙarshe. A ware kuɗin fatsa bayan an fitar da na abinci da haya da makaranta, a kuma faɗi gaskiyar farashin kowace sanda tun ranar da aka sayo ta. A rubuta kwanakin ƙyanƙyasar ƙwari a kalandar gida tun watan Janairu, domin kada su yi karo da biki ko suna. Wanda ya koya wa iyalinsa jifa zai sayi wandon roba biyu ko uku a maimakon ɗaya, amma daga ranar ba zai sake neman izinin tafiya kogi shi kaɗai ba, sai dai a yi shawarar wanda zai tuƙa mota.