Rumbun Makarantar Gindin Badala

Ga ta nan, ga ta nanku.

A gindin badala, daura da Ƙofar Na'isa, akwai wata makarantar 'ya'yan dabbobi. Malama Bushiya ke koyarwa, Kunkuru ke gadi. Tsufan Kunkuru ya kai har yakan ce a gabansa Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, kuma babu sa'ansa da zai ƙaryata shi.

Da rumbu makarantar take rayuwa. Duk kaka kowace dabba ta zuba mudun gero, a biya Malama, a sayi alli, a yaɓe rufi kafin damina. Masu karɓar mudun dai ba waliyyai ba ne. Ɓeraye ne, kuma sun sha ɗaure Jaki a rana don ya kasa biya.

Da zaɓe ya ƙarato, Gizo ya hau turmi ya ce, "Ku zaɓe ni, na soke mudu!" Wuri ya kaure da guɗa.

Kunkuru ya leƙo da kai. "Ranka ya daɗe, ina nan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Talaka ya huta da wulaƙanci, na kuma yi murna. Amma su mutane suna da kason man fetur da ke zuwa musu daga Legas. Kai me za ka zuba a rumbun?"

"Baba, kai ɗan adawa ne," in ji Gizo.

Gizo ya ci zaɓe. Ya aiko da shuni daga karofin Ƙofar Mata, aka shafe bangon makaranta, aka rubuta sunansa ɓaro-ɓaro. Rufi kuwa, aka ce sai baɗi.

Zagayowar zaɓe Kura ta kayar da shi. Ba ta dawo da mudu ba, wa zai yi wannan gangancin? Sai ta ƙirƙiro kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin tsayuwa a Kasuwar Kurmi. Ɓerayen jiya su ne dai masu rasit na yau, hula kawai suka sauya. Ta sa aka kankare shuni aka shafa farar ƙasa, ta sallami Malam Zomo mai koyar da lissafi saboda a zamanin Gizo aka ɗauke shi. Sannan ta sa aka yi shela, irin wadda mutanen Kano suka ji a 2019: ilimi kyauta ne, kuma dole. Magana mai daɗi. 'Ya'yan kwaɗi suka taso daga Jakara, 'ya'yan ƙadangaru suka gangaro daga Dala, aji ya cika har kan taga. Allin Malama ya ƙare, ta koma rubutu da gawayi a jikin ƙyaure.

Ana haka Balbela ta sauka daga Abuja da albishir. Tun 2004 akwai dokar da ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko. Sharaɗi ɗaya ne: ku ajiye buhu, a ɗora muku buhu.

Kura ta kai maganar majalisa. 'Yan Gizo suka ce ba za su ɗaga hannu ba, a gyara rufi a ce Kura ce ta yi? 'Yan Kura suka ce ai bashin da Gizo ya bari ne ya cinye buhun. Aka ɗage zama. Balbela ta jira har ta gaji, ta bi shanu.

Cikin wani dare na watan Agusta rufi ya rufta, bango ya bi shi. Allah ya taimaka babu kowa ciki. Da safe Malama ta kwashe yara zuwa gindin tsamiya, suna rubutu da tsinke a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Kafin azahar sai ga Gizo da tukunyar shuni, ga Kura da ƙwaryar farar ƙasa, kowa da makaɗansa, sun zo aza harsashin sabon gini. Suka duba babu bango, sai wani dutse mai doro a bakin ƙofa. Wannan ya shafa nan, waccan ta shafa can, suna ture juna, suna yaƙushi wajen rubuta suna. Dutsen bai ce uffan ba. Sai da suka watse ya fito da kai, ya yi tari, ya rarrafa gindin tsamiya. Zanen da ke bayan Kunkuru har yau, sauran wannan rubutun ne.

Ƙurunƙus!