Ni Ne Lauyan Hunturu

Duk shekara, da zarar Disamba ta kama, iska ta juyo daga arewa maso gabas tana busar da leɓe tana tsattsaga diddige, sai mu masu tsofaffin a-kori-kura masu shan gas mu buɗe wata kotu wadda ba ta da alƙali, wanda ake tuhuma a cikinta kuma kullum ɗaya ne, wato hunturu. Bayan sallar asuba ake zaman, a ƙofar gida. Mai ƙara ya fito cikin rigar sanyi biyu da rawani, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli, inji ya yi gurnani sau uku, sannan ya yi tsit kamar wanda aka tambaya bashi. Nan take a yanke hukunci, a ce sanyi ne. Ni ma ɗan wannan ƙungiya ne, da bakina aka sha yanke hukuncin, amma da na zauna na auna shaidu sai na ga an daɗe ana zaluntar bawan Allah. Saboda haka yau na sauya sheƙa na zama lauyan hunturu, ba tare da ya biya ni ko sisi ba. Hujjata guda ce. Sanyin ƙasarmu mai karɓar bashi ne, sau ɗaya yake zuwa a shekara ya nemi abin da muka ci tun bazara, mu kuma mu ɗora hannu a ka muna ihun ɓarawo.

Kafin a kira shaidu, sai a san halin injin da ake magana a kansa. Injin fetur yana da filogi mai ƙyasta masa wuta kamar ashana. Injin gas kuwa, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya samu ya tashi sosai a 1897, ba shi da ashana ko ɗaya. Iska zalla yake zuƙa, fistin ya matse ta har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mata gas ya kama da kansa. A tsofaffin injinan Hilux da suka cika tashoshinmu, irin su 2L mai lita 2.4 da 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0, ana matse iskar nan kusan ninki 22, alhali tsohon injin fetur ninki 8 ko 9 ya ishe shi. Ke nan rayuwar injin gas kacokan a kan zafi ta rataya, kuma da asubar hunturu ƙarfen da ya kwana a waje yana sace zafin nan kamar yadda kofin silba mai sanyi yake shanye zafin shayi kafin a kai shi baki. Waɗanda suka ƙera motar sun san da haka sarai, shi ya sa suka yi mata tanadi uku: hita da za ta ɗumama ɗakin wuta, batir da zai juya inji da sauri, da ring da bawul da za su riƙe iska kada ta sulale. Idan ukun nan suna da lafiya, sanyin Kano ko na Jos bai isa ya hana mota tashi ba.

Shaida ta farko ita ce hita. Kowace silinda tana da tata, ƙaramin ƙarfe kamar fensir wanda bakinsa yake yin jajir, ya wuce digiri 800 cikin 'yan daƙiƙu. Ita ce ma'anar fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya da take kamawa a gaban direba, wadda yawancinmu muka ɗauka ado ce. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato take dafa mutane a digiri 40 da ɗoriya, mota tana iya tashi ko da biyu daga cikin hita huɗu sun riga mu gidan gaskiya, mai ita kuma yana ta yabonta a majalisa yana cewa bugu ɗaya take tashi. Ba a yi musu jana'iza ba, ba a ma san sun mutu ba. A wasu motocin kuma mai waya ya daɗe da tsallake na'urar da take ƙayyade lokacin hitar, ya ɗaura wani maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, ya ce wa mai mota ya riƙa dannawa yana ƙirga goma. Mai mota kuwa, da yake Bahaushe ne mai son alheri, sai ya ƙirga talatin don a samu albarka, ya ƙone sauran biyun. Ranar da Janairu ta iso, salansa ta fara aman farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, unguwa ta yi kamar ana feshin sauro, sai a ce hunturu ya kashe mota, alhali gawar ta yi wata takwas a ciki.

Shaida ta biyu batir ne, kuma da kuka ya shigo kotu. Gaskiya ne sanyi yana rage masa ƙarfi. Idan aka kai digiri sifili yana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake bayarwa. Amma lafiyayyen batir yana da rarar da zai jure wannan. Namu kuwa ya shekara huɗu, ruwansa ya ƙafe, kawunansa sun yi farar furfura, an kuma buga ƙusa tsakanin kai da waya don ta daina motsi. Wannan dattijo ake so ya juya inji mai matsi ninki 22, a cikin baƙin man da ba a juye ba tun kafin azumi, wanda ya yi kauri kamar kunun da ya kwana. A jikin galan ɗin mai akwai rubutu irin 15W-40, kuma harafin W ɗin nan alamar yadda man yake gudana ne cikin sanyi, amma mu sai mu ce a zuba mai kauri don ya rufe ƙarar inji. Ga tamostat da bakanike ya cire tun ranar da aka sayi motar, ya jefar yana cewa na ƙasar Turawa ne, don haka inji zai yi tafiyar awa guda bai yi ɗumin kirki ba. Ga filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe har ta koma kamar bulon ƙasa. Ga tankin da ba a taɓa cika shi ba, raɓa tana taruwa a cikinsa kowane dare tana gangarawa ƙarƙashin gas. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na iska.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi, don kusan kowace unguwa tana da nata gwanin. Mai tsohuwar a-kori-kura ba ya ajiye mota sai a kan gangara, har zaɓen gidan haya yake yi da wannan sharaɗin. Idan makulli ya gaza, sai ya tsaya a bakin masallaci yana gaishe da mutanen da rabonsa da su tun hunturun bara: “Alhaji, an tashi lafiya? Malam, yaya sanyi? Don Allah a ɗan taimaka da hannu.” A tara majiya ƙarfi shida da yara goma waɗanda aikinsu ihu ne. A tura, a tura, mota ta ɗauki gudu, direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci. A nan ne matsin nan mai ninki 22 yake nuna kansa, tayoyin baya su ƙame cak, masu turi su haɗu da ƙofar baya da ƙirji, hular wani ta faɗa kwata. A sake, a kuma sakewa, har gangara ta ƙare. Yanzu motar da ta ƙi tashi a ƙofar gida ta ƙi tashi a tsakiyar titi, nesa da gida, ta tare wa masu kai yara makaranta hanya. Daga nan sai masu shawara su fito. Wani ya ce a kawo kaskon garwashi a tura ƙarƙashin inji, inda mai yake ɗiga shekara da shekaru. Wani ya ce a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iska, ko a fesa maganin sauro. Wannan dabarar takan tayar da mota, amma da wata irin ƙara kamar ana dukan inji da guduma, kuma dukan ake yi da gaske, don wutar tana kamawa kafin lokacinta, ring da fistin ne suke sha. Idan kuma hita tana ja a lokacin, wutar tana iya dawowa ta gaisa da gemun mai feshin.

Na san masu ƙara suna da abin cewa, kuma ba zan toshe musu baki ba. Za su ce ai sananne ne sanyi yana daskarar da gas. Haka ne, a cikin gas akwai wani abu mai kama da kakin kyandir, wanda idan sanyi ya kai wajen sifili ko ya yi ƙasa yake fara fitowa, man ya yi gajimare ya toshe filta. Shi ya sa a Kanada da arewacin Amurka ake sayar da gas na musamman da hunturu, ake kuma jona inji da wutar lantarki ya kwana da ɗumi, a Yakutsk ta Rasha kuwa, inda ake kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili, akwai masu barin inji yana aiki ba kashewa. Waɗannan idan suka kai hunturu ƙara, ni kaina zan tsaya musu shaida. Direban da ya kwana a duwatsun Ayar ko hanyar Bilma, inda dare yakan kusanci sifili, shi ma a saurare shi. Amma Kano da Zariya da Damagaram, daren hunturunsu yawanci yana tsakanin digiri 10 ne da 15, Jos da take bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 takan sauka ƙasa da 10. Wannan sanyi ne mai sa tsoho tari da sa yaro gudun wanka, bai kai na daskarar da gas ba.

Za su kuma ce tsufa ne, mota ta haura shekara talatin, me ake jira? Na yarda ring yana cinyewa, bawul yana sakin iska, kuma injin da matsinsa ya zube zai wahala da asuba ko an saka masa sabuwar hita. Sai dai wannan ma abu ne da ake aunawa da ma'aunin matsi a gareji, a san inda aka kwana tun kafin sanyi ya zo. Kuma tsufan nan da ake zargi shi ne babban abin alfaharin motar. Famfon gas ɗinta na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da za ta yi fushi, bakanike a ƙarƙashin bishiyar darbejiya yana iya kwance shi ya ɗaure. Injin 1HZ na Land Cruiser tun 1990 ake yin sa, har yau shi ake nema idan za a keta Sahara. Dangin waɗannan motoci ne sojojin Chadi suka hau a 1987 suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Zuriyar da ta kori tankar yaƙi ba za ta durƙusa wa iskar Disamba ba sai an riga an karya ta daga gida. Da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar da aka rufe bakin tulunta.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta aljihu, kuma a nan dole in sassauta murya. A 2022 litar gas ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 700 a Nijeriya, faɗuwar naira daga 2023 kuma ta ninka kuɗin kayan gyara. Mai ɗaukar buhunan masara daga ƙauye zuwa kasuwa ba don sha'awa yake sayen man 'yan bumburutu ba, wanda wani lokaci har da ruwa da kananzir a ciki, kuma ba don rowa yake lallaɓa tsohon batir ba. Na ji wannan. Amma a yi lissafi da adalci. Kuɗin hita huɗu bai kama ƙafar kuɗin sitata da ta ƙone saboda an yi ta murɗa ta minti guda ba hutawa ba, balle haƙoran filawil da suka kakkarye, balle ranar kasuwa da ta wuce tumatir yana ruɓewa a bayan mota. Rabin maganin ma kyauta ne. Wanke kan batir da ruwan zafi a ɗaure shi tam ba ya cin kobo. Haka kwance ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin filtar gas a zubar da ruwan da ya taru, haka kakkaɓe filtar iska, haka juya hancin mota ya bar fuskantar iska da dare, haka jiran fitilar hita ta mutu kafin a murɗa, a kuma saki makulli bayan daƙiƙa goma a bar sitata ta huta. Talauci ya hana mu sabuwar mota, amma bai hana mu sifana mai lamba goma ba.

Don haka ina roƙon wannan kotu mai daraja ta sallami hunturu ta kuma wanke shi, ta umarci mai ƙara, har da ni, ya biya kuɗin shari'a da hita huɗu da galan ɗin mai. Kai kuma ɗan'uwana mai a-kori-kura, tun Oktoba ka kai ta gareji a gwada hita ɗaya bayan ɗaya, a auna batir, a juye mai, a canza filta, a mayar da tamostat inda aka cire shi. In kuwa ka ƙi, to ka nemi gida a kan tudu, ka kuma fara gaishe da maƙwabta tun da damina, don sun gane gaisuwar Disamba.