Jinjina ga Asusun Haɗin Gwiwa

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu. To, Asusun Haɗin Gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya isa yabo. Tun tsarin mulkin 1979 yake tare da mu, na 1999 ya sake ba shi mazauni a sashe na 162, kuma har yau yatsunsa goma cif, ba wanda ya gundule. Sai ma tsawo da suke ƙarawa.

Ga yadda wannan bawan Allah yake hidimarsa. Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ƙasa ta tara daga man fetur da kwastan da harajin kamfanoni. Tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su tashi da 20.60. Kuɗi ne masu nauyi, ciyaman kuwa mutumin karkara ne, wuyansa ba zai ɗauka ba. Sai aka tausaya masa: kasonsa ya fara yada zango a babban birnin jiha, ya huce gajiyar hanya, gwamna ya duba lafiyarsa. A cire na malaman firamare, a cire na masarautu, a cire na ayyukan haɗin gwiwa waɗanda ba a taɓa tambayar mutanen gari ko suna so ba. Abin da ya rage, in ya rage, a miƙa wa ciyaman. A ƙarshen 2022 Shugaba Buhari da bakinsa ya kwatanta yadda abin yake: a turo miliyan ɗari, hamsin su isa hannun ciyaman, ya sa hannu cewa ɗari ya karɓa. Wane malamin lissafi ne ya taɓa koyar da ragi cikin sauƙi haka?

Albarkar asusun nan a garinmu na gan ta da idona. Ya raba ƙaramin asibitinmu da wahalar ajiye magani, kantar ɗakin magani fes, sai ƙura da kashin ƙadangare. Daren da ƙanwata ta tashi da naƙuda, unguwarzoma da fitilar wayarta ta karɓi haihuwar, ta danne wayar da haɓa saboda hannuwanta biyu suna aiki. Safar hannu da auduga mu muka sayo a kemis. Makarantar firamarenmu kuwa iska ta yaye kwanon aji biyu damina uku da suka wuce, yara suna zaune a ƙasa suna kallon ikon Allah kai tsaye, ba rufin da zai tare musu. Madalla da wannan tarbiyya ta haƙuri.

Wasu marasa godiya suka kai ƙara. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba kantomomin da ba zaɓensu aka yi ba ko sisi. Nan asusun ya nuna shi gwani ne. Aka kafa kwamiti, watanni suka yi ta shuɗewa kuɗi na bin tsohuwar hanyarsu. Jihohi suka ruga suka shirya zaɓe, talakawa kuma suka nuna haɗin kan da ba a taɓa gani ba ko a gidan biki: a Kano jam'iyyar gwamna ta lashe 44 cikin 44, a Kaduna 23 cikin 23. Wane ciyaman ne zai tambayi wanda ya ɗora shi kan kujera ina ragowar kuɗi?

Abu ɗaya ne asusun bai taɓa hanawa ya iso garinmu ba, kuma a yaba masa: mai yankan rasit. Gwamnoni Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, amma ga jikokin haraji da jangalin nan a kowace kasuwa da tasha. Ranar kasuwarmu, tun kafin Inna mai ƙosai ta tsame kaskon farko, yana tsaye a kanta da ɗan littafinsa. Ta ce, "Ɗan nan, ka bari in yi ciniki mana." Ya ce, "Inna, kuɗin gwamnati ne, ba ya jira." Ta kwance bakin zane ta ƙirga masa, ta soke rasit ɗin a ƙarƙashin tire, sannan ta ja kujerarta gefe, don ruwan kwatar da ta toshe tun bara ya fara gangarowa wajen murhunta.