Ko Mota Ta Taka

Saura kwana uku suna, uwargida ta aike ni Sabon Gari in sayo kofunan roba dozin biyu na shan kunu. Mai kayan bai tsaya dogon zance ba. Ya ɗauki wani shuɗin kofi ya maka da ƙasa, ya hau kai da dunduniya. Kofi ya lotsa, ya dawo daidai.

"Alhaji, wannan ko mota ta taka!"

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na amsa. Sai dai na ce a ba ni masu ƙyalli kamar gilashi, don baƙi su san gidan da suka shigo. Ya ce ai duk uwa ɗaya uba ɗaya.

Da la'asar na tara yara a tsakar gida, surukata na gefe kan tabarma tana tsince shinkafa. Na kifa kofi, na cire takalmi don abin ya fi armashi, na hau. Ƙarar da ya yi sai da kaji suka watse, wani ɓallinsa kuma ya shige min dunduniya. Na ce wannan dama mai aibi ne. Na biyu na jefa shi, ya rabe biyu. Na uku na cika shi da tafasasshen ruwa, ya tsage, ruwan ya nemi ƙafar nan mai ciwo ya same ta.

Ƙanena, wanda ya taɓa aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa, ya juya gindin kofin ya nuna min lamba 6 cikin ɗan alwatika.

"Yaya, wanda aka taka maka lamba 5 ne, roba mai lanƙwasa, tana jure ruwan zafi. Ita 6 kyau gare ta, amma karyewa take."

Ya ce masu gwaji kan zari kaɗan daga cikin kaya, su cika da ruwa, su saki daga tsayin da aka auna, sannan na'ura ta matse tana ƙirga nauyi. Ba a ɗora musu magidanci mai tumbi. Duk wannan ilimi yana cikinsa yana tsaye yana kallona, Allah ya isa.

Surukata ba ta ɗago kai ba. Ta ce da 'yarta, "Ki roƙi maigidan naki ya bar mana ashirin da ɗayan, mu gwada su da kunu."

Ran suna ina ɗingishi, kowa ya tambaya na ce ƙaya ce.