Ɗan Landan da Hotunansa

A ƙasar Hausa yanzu da wuya ka samu babban gida da babu mutum guda da ake cewa "yana waje". In aka yi dace Landan ya tafi, to shi ke nan, iyaye mata sun samu abin faɗa a gidan suna. Shi kuwa gogan naka, tun kafin ya haddace lambar bas ɗin da ke kai shi masauki, aikinsa na farko shi ne ya tabbatar wa dangi cewa lallai ya isa. Hujja kuwa guda ce ake karɓa: hoto.

Wurare huɗu ne farillan wannan ziyara, wanda ya tsallake ɗaya sai ya yi ramuwa. Na farko agogon Big Ben, inda za ka gan shi ya ɗaga yatsa sama, fuska a murtuke, wai shi ga mai nazarin tarihi. Na biyu jar rumfar tarho, wadda zai shiga ya kara kan tarhon a kunne alhali da wayar aljihunsa ake ɗaukarsa. Na uku gadar nan mai hasumiya biyu, Tower Bridge, da aka gama ginawa a 1894, wadda zai rubuta a ƙarƙashinta "London Bridge", ita kuwa London Bridge ɗin tana can gaba kaɗan, gada ce fayau ba ado, ba mai kula ta. Na huɗu ƙofar fadar Buckingham. Nan zai jingina da ƙarfen shinge ya rubuta, "Mun leƙo gaisuwa." Sarki Charles ma ba nan yake kwana ba, yana Clarence House, amma wa zai faɗa wa Inna?

Akwai kuma lilon nan na bakin kogin Thames, London Eye, mai tsawon mita 135, wanda aka buɗe wa jama'a a shekarar 2000. Zagaye ɗaya rabin awa ne. Mutuminmu zai je wurin sayar da tikiti, ya dubi farashi, ya buga lissafinsa da naira, sai ka ji ya ce, "Inna lillahi." Daga nan sai ya tuna cewa shi tun yana yaro hawa sama na sa shi jiri. Ya koma kan gadar Westminster ya tsaya yadda lilon zai fito a bayansa, ya rubuta, "Yau mun ga Landan daga sama."

Abin mamaki, wuraren da ba a biyan ko sisi su ne ba ya shiga. Gidan tarihi na British Museum kyauta ne, a ciki har da kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Mutum ya shiga ko don ya gaisa da kayan ƙasarsa, ya tambaye su ya baƙunta. Ina! Zai tsaya a bakin ginshiƙan ƙofa, ya ɗauki hoto uku, ya juya, domin ƙarfe shida yana da aikin dare a gidan kula da tsofaffi. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to shi mabuɗin ya samu, ƙofar ce bai da lokacin buɗewa.

Sai ranar da dusar ƙanƙara ta sauka. A Landan ba kasafai take zama ba, kafin azahar ta narke ta zama caɓi. Don haka da sassafe za ka ga mutuminmu ya fito a guje da babbar riga a kan rigar sanyu biyu, ya kafa zanna bukar, ya dunƙula ƙanƙara a hannu yana murmushi. Minti biyu ake yi a gama. Ragowar ranar yana manne da hita, hanci na zuba, yana tsine wa wanda ya ba shi shawarar tahowa.

Duk wannan wasa ne in aka kwatanta da Sallah. A Ingila ba a ba da hutun Sallah, sai dai ka ɗauka daga cikin kwanakin hutunka na shekara. To ga inda gizo ke saƙar. Manaja Baturiya ce, komai nata a rubuce tun wata uku kafin lokaci.

"Wace rana kake so?"

"Ko Talata, ko Laraba."

"Wacce daga ciki?"

"Sai an ga wata."

Ta leƙa taga. Sama a lulluɓe da gajimare, rabon da a ga ko rana an kwana biyar. Ta dube shi, ya dube ta. Kuma ko an ga watan ba a gama ba, domin wasu masallatan Saudiyya suke bi, wasu Maroko. Sai ka tarar mutum biyu a ɗaki ɗaya, wannan yana yanka albasar miyar Sallah, wancan yana ɗauke da azumi yana harararsa.

Ranar Idi masallaci ba ya ɗaukar jama'a, sai a yi sallar rukuni-rukuni. Mutuminmu zai zaɓi na farko, ya sha shadda mai maiƙo, a ɗauke shi hoto a bakin babban masallacin Regent's Park, sannan ya faɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kafin ya isa wurin aiki an ninke shaddar an cusa a jaka, an saka rigar aiki. Babu hawan Sallah, babu Hawan Daushe, babu yaran maƙwabta masu kawo tuwo a kwanon sha da murfi. Akwai dai taron Idi da ofishin magajin garin Landan ke shiryawa a dandalin Trafalgar, shi ma sai bayan Sallar ta wuce, a ƙarshen mako, lokacin da mutanen gida sun riga sun koma cin garau-garau.

Babbar Sallah kuwa ita ce ta fi ban tausayi. Doka ba ta yarda ka kayar da rago a bayan gida ba, sai a mayanka mai lasisi. Saboda haka sai ya tura kuɗi gida. A aiko masa da bidiyon rago tun yana raye, ƙaninsa riƙe da ƙaho yana cewa, "Yaya, ga shi nan, ka ga wuya!" A aiko na yanka, a aiko na suya, har da ƙarar mai a kasko. Shi kuwa yana zaune da burodi da shayi yana amsawa da "Ma sha Allah". In ya ce a soya masa nasa a ba mai tahowa, jami'an filin jirgin sama na jira, don an hana shigo da nama daga ƙasashenmu. Kilishi nawa ya yi shahada a kwandon sharar Heathrow, Allah kaɗai Ya sani.

Da Disamba ta kama, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai a ƙawata titin Oxford da fitilu. Mutuminmu ba ya Kirsimeti, ya sha faɗa. Amma an ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka. Hoto a gindin bishiya mai fitilu ba ya karya alwala. Ranar 25 ga wata garin kan mutu murus, babu jirgin ƙasa, babu bas, manyan kantuna a rufe. Sai 'yan gida su taru a ɗakin wanda hitarsa ta fi ƙarfi, a dafa talotalo na halal da dafa-duka, a yi ta musu kan siyasar Kano har dare. Washegari kuma, ranar da kantuna ke karya farashi, shi ne a sahun gaba tun asuba, da jerin sunayen masu jiran tsaraba a hannu.

Yanzu mu zo kan bazde. Wannan bawan Allah har ya bar gida bai taɓa hura kyandir ba sai in an ɗauke wuta. Fasfonsa ya ce an haife shi 1 ga Janairu, 1989. Rabin abokansa ma 1 ga Janairu aka haife su, ikon Allah, ungozoma ta sha aiki a wannan rana. Daren sabuwar shekara in aka harba wasan wuta a London Eye, sai ya ɗauko bidiyon ya ɗora a WhatsApp ya rubuta, "Alhamdu lillahi, ƙarin shekara." Washegari Inna ta kira.

"Kai ɗan nan, wace haihuwa kuma ake ta taya ka murna?"

"Tawa ce, Inna."

"Kai da na haifa ana tsakiyar zafi, shekarar da Buhari ya canza kuɗi?"

Wato 1984. Ya ce, "Inna, layin ba kyau," ya kashe.

A wurin aiki aka sanar da shi al'adar garin: mai bazde shi ke kawo kek. Ya ce to, wannan da sauƙi. Da ya gayyaci abokan aiki gidan cin abinci kuwa, ya kwana yana lissafin yadda zai ciyar da mutum takwas, sai ya ga kowa ya zaro katinsa ya biya nasa. Nan take ya ji son Turawa ya shiga ransa. Sati na zagayowa wani Bature ya gayyace shi nasa bikin. Gogan ya tafi da yunwa, ya ci kaza, ya ƙara da kifi, ya nemi a ƙunsa masa saura. Sai ga ma'aikaciya da na'urar karɓar kuɗi ta tsaya a kansa. Tun daga ranar, duk wanda ya gayyace shi sai ya ce yana azumin nafila.

To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kowane hoto da ya tura yana da farashi. Hoton fadar Buckingham ya jawo kuɗin makarantar yara uku. Na kek ya jawo gudunmawar kayan ɗakin 'yar Kawu. Na ƙanƙara kuwa Goggo ce ta kira ta ce, "Tunda har ƙanƙara kuke samu kyauta, a taimaka mana da firji." In ya ce babu, a ce ya zama Bature, ya manta zumunci. In ya faɗi gaskiya cewa kuɗin hayar ɗaki ɗaya na cinye kusan rabin abin da yake samu, a ce to waye wannan mai shadda a bakin fadar Sarki? Dole ya ƙara karɓar aikin dare don ya biya bashin da hoto ya ci masa. Ya yi shekara biyar a Landan, amma abin da ya sani a cikinta bai wuce tashar bas, wurin aiki, da kantin da ake sayar da daddawa da kuka a Peckham ba.

Mu na gida ma ba mu fita ba. Mu ne masu danna alamar so, mu ne masu rubuta "Allah Ya sa mu a danshinku", mu ne kuma masu tura lambar asusu kafin hoton ya huce. In mun zauna a majalisa mu yi ta yi masa dariya, wai ya tafi wankin tsofaffin Turawa. Ƙaninsa da ya fi kowa ƙyaƙyatawa kuwa, ya riga ya sa filin gadonsa a kasuwa, ya biya ɗan kamasho kuɗin biza, ya sayo rigar sanyu ta gwanjo a Ƙofar Wambai. Har ya fara gwada yadda zai ɗaga yatsa a gaban agogo.