Yadda Ake Kashe Dodo Ba Tare Da An Tashi Daga Tabarma Ba

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Manya ne ke kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani gwarzo a ciki, dayis kuma ya yanke hukunci ko takobinka ya sari dodo ko ya sari iska. Tatsuniya ce dai da aka yarda masu sauraro su sa baki. To, idan kana Anka, amininka yana Gummi, wani yana Bukkuyum, na huɗu ya tafi ci-rani Legas, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba, ga yadda za ku yi naku a waya.

Na farko, ku naɗa Sarkin Wasa. Kada ku ba mai kunya. Ku nemo wanda ya fi kowa shara ta a majalisa, mutumin nan da ya ce ya taɓa kama kifi a gulbin Gummi sai da aka ɗauko amalanke. Yau baiwarsa ta samu aikin yi.

Na biyu, kowa ya zaɓi wanda zai zama. Ku bar wa Turawa mayaƙansu, muna da maharbi, ɗan tauri, maƙeri, wanzami da Gizo. Sai dai kowa zai ce shi ne Sarkin Yaƙi, babu mai son ɗaukar guzuri, alhali mai guzuri kaɗai ke kai ƙarshen labari da ransa. Idan ƙanwar wani ta shigo ta ce ita ce 'Yargoje, sarauniyar Zamfara, ku yi mubaya'a kawai, gardama ba za ta fisshe ku ba.

Na uku, ku tsai da lokaci. Kowa zai ce "bayan isha'i". A wurin ɗan Bukkuyum ƙarfe tara ke nan, a wurin ɗan ci-rani sha ɗaya. Ku cire ranar kasuwa, ku cire lokacin shuka da girbi, ku cire daren da Real Madrid ke wasa. Abin da ya rage, shi ne naku.

Na huɗu, dayis. Na Turawa har mai fuska 20 akwai, ku dai ku aro na lidon yara mai fuska 6. Amma tun da kowa a ɗakinsa yake jefawa, za ku ga ikon Allah: duk jifa sai ka ji, "Kai jama'a, siki ce kuma ta hito!" Doka ita ce, jifan da babu bidiyo bai faru ba. Kuma kada a sa ko kwabo, domin da kuɗi sun shiga, sunan abin ya koma caca.

Na biyar, sabis, wanda shi ne babban dodon. A waje suna amfani da Discord da Roll20, ku kuwa ku riƙe saƙon murya na WhatsApp, ya fi tausayin data. Sarkin Wasa zai ce, "Dodo ya wangame baki, ya..." sai ɗif. Haka za ku kwana a bakin dodo har hantsi, lokacin da zai karɓo wayarsa daga shagon caji. Kada ku yi fushi. Wanda ya ga watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, ya san sabis ko sanda ɗaya ne abin godiya ne.

Na shida, ka rage murya. A ƙasar Anka da Bukkuyum, inda da gaske ake haƙo zinariya, kada a ji ka tsakar dare kana ihun "na samu tulu cike da zinari!" Kafin gari ya waye masu bin ka bashi sun yi layi a zaure, uwargida kuma ta gama lissafin atamfa.

Ba lallai dodon ya mutu ba, wasu ma shekara suke yi suna bin sa. Ku dai buɗe guruf ɗin yau, kuma duk wanda aka kwana biyu ba a ji muryarsa ba, a ajiye dayis a kira shi a ji lafiyarsa.