Masu Kai Miya Turai

Kilo 23 ne haƙƙin akwati guda a yawancin jiragen da ke fita waje, kuma har yau ba a haifi Bahaushen da ya yarda tufafi sun cancanci fiye da uku a ciki ba. Sauran na tumbi ne. Wanda ke shakka ya je filin jirgin Malam Aminu Kano daren da masu Ingila da Amurka za su tashi, ya tsaya kusa da sikeli.

Uwar gayya ita ce Hajiya, wadda ɗanta ke karatu a Manchesta. Ta ji muryarsa a waya ta tabbatar yaron ya rame. Sai ta ɗora miyar taushe da ƙashin rago, ta juye a roba mai murfi, ta cusa a firiza kwana biyu, a unguwar da wuta ke leƙowa da tsakar dare ta koma kafin asuba. Ranar tafiya ta ƙwanƙwasa saman robar da yatsa, ta ji tauri, ta ce alhamdu lillahi, dutse. Tsakiyar kuwa har yanzu ludayi zai shiga. Lissafinta awa shida ne, domin haka ta ji ana faɗin nisan Landan. Ba ta sa awa ukun da za a riga jirgi isa fili ba, ba ta sa zaman da akwati zai yi a kan kwalta a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40 ba, balle jiran canjin jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha. Cikin jirgi inda ake zuba kaya akwai sanyi, amma ba firiza ba ne. Kafin a kai ƙofar ɗakin yaron an kusa kwana da yini, miya ta gama zagaya shaddar mai ɗauke da ita. Kuma ko da ta isa da ƙanƙararta, dokar Ingila ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama ko kayan madara. Kifi ne aka yi wa sassauci, har kilo 20. Gaya wa Hajiya wannan, ta dube ka da tausayi ta ce, "Haba ɗan nan, ai naman kaɗan ne, don ɗanɗano."

Akwai kuma mai gardama a bakin na'urar bincike. Tun 2006 aka taƙaita abu mai ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100, shi kuwa ya zo da kwalbar man shanu cikakkiya. Hujjarsa ita ce man shanu ba ruwa ba ne. Da ya fito daga gida gaskiyarsa ce. A Amurka ma ƙa'idar haka take: abin da ya daskare ƙam a lokacin bincike yana wucewa, wanda ya fara narkewa ya koma layin ruwa. Sai dai shi yana tsaye yana "Yallaɓai, duba mana da kyau", hujjar tana tsiyaya a gefen kwalbar.

Ƙaninsa a wannan sana'a ba ya gardama. An ce fura ba za ta wuce ba, ya ce to, amma ba za a zubar da abincin Allah a gabansa ba. Ya koma gefe, ya buɗe gora, ya yi wa jami'an bismilla, ya yi wa na bayansa, ya kafa kai. Shi ne za ka tarar a kujerarsa ya yi barci tun jirgi bai ɗaga ba.

Injiniya ya fi su ilmi, shi ya sa ya fi ba ni tsoro. Ya karanta cewa busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, kuma ba ta zama ruwa, iska take komawa. Duk daidai. A nan ya rufe shafin. Layin da ya tsallake shi ne mai cewa fasinja ba ya wuce kilo 2.5, sai da izinin kamfanin jirgi, a rubuta a jikin kula, kuma a bar wa iskar hanyar fita. Shi kuwa ya naɗe kular da salatif har ba a ganin launinta, kamar mai ɗaurin karaya. Iskar da ba ta sami ƙofa ba da kanta take buɗewa.

Mai ƙunshi fa? Daddawa a leda, leda a jarida, jarida a gwangwanin madara, gwangwani a hannun babbar riga, kilishi shimfiɗe a ƙasan akwati an lulluɓe da darduma. Duk wannan don idon kwastan. Amma a filayen jirgin Amurka hanci ne ke aiki: tun 1984 suke da rundunar 'yan ƙananan karnuka masu faɗin kunne, aikinsu shinshinar abinci. Kare ya zo ya zauna kusa da akwatinka cikin ladabi, ka san zance ya ƙare. Abin haushin, da mutumin ya rubuta a takarda cewa yana ɗauke da abinci, iyakaci a karɓe wanda bai halatta ba a sallame shi. Ɓoyewar ce ke jawo tara. Ɗan'uwansa na jirgin alhazai shi ne mai cusa goro cikin safa, bayan duk jan kunnen da hukumar alhazai ke yi cewa Saudiyya ba ta yarda da shi ba.

Tsohon hannu ba ka ma lura da shi. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kanwa, garin kunun tsamiya: duk abin da rana ta riga ta gama da shi. Ya matse iskar kowace leda kafin ya ɗaure, don ya san leda mai iska kumbura take yi a sama. An tambaye shi, ya faɗa. Ba shi da labari mai daɗi, shi ya sa ba a gayyatarsa hira.

Wanda ya fi kowa iya tafiya da abinci, a ganina, shi ne wanda ba ya zuwa ko'ina. Bayan isha'i daren tashinka zai yi sallama da leda baƙa mai gumi. "Yaya, ɗan saƙo ne, ba nauyi, a miƙa wa Ummi." Kilo huɗu ne na dambun nama da soyayyar kaza, an ciro daga firji tun la'asar. Ba ya biyan kuɗin awo, ba ya tsayawa gaban kwastan, ba shaddarsa ce za ta sha mai ba. Ka ƙi karɓa, ka yanke zumunci. Ka karɓa a ƙwace a can, ka kira shi ka yi bayani dalla-dalla, har da sunan filin jirgin da kalar karen. Zai yi shiru, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ba komai, Yaya. Ka ce dai ka cinye."